Yadda Ake Shirya Wa 'Yan Fansho Yawon Shan Iska A Jirgin Ruwa Kan Kanal Ɗin Birtaniya

Jirgin da ke tafiya a kan kanal, wato hanyar ruwa da mutane suka haƙa, a Ingila da Wales yawanci ba a yarda ya wuce gudun mil 4 a awa ba, wato kimanin kilomita 6 da rabi, kuma a zahiri yakan yi ƙasa da haka sosai, har mai tafiya da ƙafa a gefen ruwa yakan wuce shi ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Wannan jinkirin shi ne ya sa irin wannan fita ta dace da mutanen da suka ajiye aiki, waɗanda suka shafe shekara talatin ko arba'in suna tsere da agogo, kuma shi ne abin da mai shirya tafiyar ya fi saurin mantawa da shi idan ya zauna da taswira yana lissafin wuraren da yake so a gani. Duk shawarar da za ta biyo baya a nan ta ginu ne a kan abu guda: a auna tafiyar da ƙarfin wanda ya fi kowa rauni a cikin ayarin, kuma a auna ta da awoyi maimakon nisa.

Kanal hanyar ruwa ce da mutane suka haƙa domin jigilar kaya. A Birtaniya ana lissafa farkon zamaninta daga 1761, lokacin da aka buɗe kanal ɗin Bridgewater domin kai kwal daga Worsley zuwa Manchester, aikin da injiniya James Brindley ya yi suna da shi. Dawakai ne ke jan jiragen a wancan zamani, shi ya sa kusan kowane kanal yake da turba a gefensa har yau. Da jirgin ƙasa ya zo ya ƙwace kasuwar, hanyoyin suka yi ta lalacewa, wasu suka cike da laka da shara, sai da masu sha'awa suka kafa ƙungiyar Inland Waterways Association a 1946 suka shiga fafutukar ceto su. Tun daga 2012 gidauniyar Canal & River Trust ce ke kula da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales, yayin da Sikotilan ke da tata hukumar daban. Ruwan kanal a kwance yake, babu igiyar ruwa irin ta teku, babu ƙarfin gudu irin na kogi, saboda haka da wuya a sami wanda jiri ko tashin zuciya zai kama a cikin jirgi, ko da bai taɓa hawa ruwa ba.

Ku san mutanenku kafin ku nemi jirgi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kama jirgi tukuna, sannan a dawo ana neman yadda za a cusa mutane a cikinsa. Kamata ya yi mai shiryawa ya fara da tambayar kowane mutum a keɓe, domin dattijo ba zai faɗi a gaban abokansa cewa gwiwarsa ba ta iya hawa matakala uku ba, ko cewa yana buƙatar makewayi kowace awa. Abubuwan da ake son sani kaɗan ne, amma kowannensu yana iya sauya tsarin tafiyar baki ɗaya: wane ne ke tafiya da sanda ko keken guragu, wane ne ba ya ji sosai, wane ne ganinsa ya yi rauni, wane ne ke shan magani a kan ƙayyadadden lokaci kamar masu ciwon suga da hawan jini, wane ne bai iya iyo ba, kuma wane ne ke tsoron tsayi ko duhu. Tambayar ƙarshe tana iya zama kamar wasa, amma za a ga amfaninta idan aka zo maganar gadoji da ramukan ƙarƙashin ƙasa da jirgi ke ratsawa. A rubuta wa kowa sunan wanda za a kira idan wani abu ya faru, takardar ta kasance a hannun mutum biyu, kada a bar ta a wayar mutum guda.

Yawan mutane ma yana da doka a kansa. A Birtaniya jirgin da zai ɗauki fasinja fiye da 12 dole ne ya sami takardar shaidar ɗaukar fasinja daga hukumar kula da sufurin ruwa, kuma matuƙinsa ya kasance mai lasisi. Saboda haka ƙananan jiragen da ake bayarwa haya na yini ɗaya ba sa wuce mutum 10 zuwa 12, kuma masu jirgin ba za su yi sassauci ba ko da mutum guda ne ya ƙaru. Ayarin da ya kai ashirin ko talatin yana da zaɓi biyu, ko dai ya rabu cikin jirage biyu ko uku, ko kuma ya ɗauki babban jirgin fasinja da matuƙinsa. A ganina zaɓi na biyu ya fi, domin mutanen da suka fito don su yi hira da tsofaffin abokan aiki ba za su ji daɗin a raba su ba, suna ɗaga wa juna hannu daga nesa.

Wane irin jirgi

Akwai jirgin fasinja mai matuƙi da ma'aikata, wanda ke yin zagaye na awa ɗaya zuwa uku ko huɗu, yawanci da rufi da manyan tagogi da makewayi, wani lokaci har da abinci a ciki. Wannan ne ya fi sauƙi, kuma shi ya kamata duk ayarin da bai taɓa fita ba ya fara da shi. Akwai kuma jirgin haya na yini, wanda 'yan ayarin ne da kansu za su tuƙa. Ba a buƙatar lasisi domin tuƙa jirgin haya a kanal, masu jirgin ne za su nuna yadda ake sarrafa shi kafin a tashi, amma wannan sauƙin yana da ruɗi, domin koyarwar rabin awa ba ta mai da mutum gwani. Kada a ɗauki irin wannan jirgi sai an tabbatar akwai aƙalla mutum uku masu ƙarfin jiki, ɗaya a kan tuƙi, biyu kuma masu iya sauka gaɓa da igiya. Idan babu su a cikin 'yan fanshon, babu laifi a gayyaci 'ya'ya ko jikoki biyu da suka manyanta, muddin an lissafa su a cikin adadin da jirgin ke ɗauka.

Nau'i na uku shi ne wanda mutane da dama ba su san da shi ba, alhali shi ya fi dacewa da tsofaffi. Ƙungiyoyin jin ƙai a sassa daban-daban na ƙasar suna da jirage da aka ƙera musamman domin masu lalura da masu yawan shekaru, da na'urar ɗaga keken guragu daga gaɓa zuwa cikin jirgi, da makewayi mai faɗi, da 'yan sa-kai masu horo da ke tuƙawa, waɗanda da yawansu su ma 'yan fansho ne. Irin waɗannan jirage sukan cika da wuri, saboda haka a nemi gurbi tun da watanni.

Batun faɗin jirgi ma yana da muhimmanci, domin jirgin kanal na gargajiya siriri ne ƙwarai, faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne kawai, wato mita 2 da 'yan kai, ko da tsawonsa ya kai ƙafa 70. An ƙera shi haka ne domin ya shige matsattsun ƙofofin ruwa na tsakiyar Ingila, wato matakan ruwan da za a yi bayaninsu a gaba. Shiga cikinsa sai an sunkuya an sauka 'yan matakala masu tsayi, kuma hanyar da ke ciki ba ta ɗaukar keken guragu. Kafin a biya kuɗin kama jirgi, mai shiryawa ya je da kansa ya gani, ya ƙirga matakalar, ya duba ko akwai abin riƙewa, ya leƙa makewayin, ya zauna a kan kujerun ya ji ko suna da majingina. Ya kuma tambayi sharuɗɗan soke tafiya, da abin da inshora ta ƙunsa, da nawa ne kuɗin ajiyar da ake riƙewa saboda ɓarna, domin ayarin tsofaffi ya fi kowane fuskantar janyewar mutum biyu ko uku a makon ƙarshe.

Zaɓen hanya: a ƙirga matakan ruwa

Tun da ruwa ba ya hawa tudu, masu gina kanal sun yi dabarar da Turawan Ingila ke kira lok, wadda za mu kira matakin ruwa. Wani dogon rami ne mai bangon bulo ko dutse, da ƙyamare a gaba da baya. Jirgi yana shiga a rufe ƙyamaren, sai a cika ramin da ruwa jirgin ya tashi sama, ko a zubar da ruwan jirgin ya sauka ƙasa, sannan a buɗe masa ya ci gaba. Kallon wannan aiki yana daga cikin abubuwan da suka fi burge wanda bai taɓa gani ba, amma yin sa da hannu aiki ne na gaske, domin sai an murɗa ƙarfe mai nauyi an ɗaga marufan ruwa, sannan a jingina baya da wani ƙaton gungumen katako a tura ƙyaure. Kowane mataki yakan ci minti 15 zuwa 20 idan babu layi.

Masu jirage suna da wani lissafi mai sauƙi da ya kamata mai shiryawa ya ara: a haɗa yawan mil da yawan matakan ruwa, a raba da 3, abin da ya fito shi ne kimanin awoyin tafiya. Hanya mai mil 6 da mataki 3 za ta ci awa 3 a zuwa, wata awa 3 a dawowa, ke nan awa 6 sun tafi ba a tsaya cin abinci ba. Wannan ya yi yawa ga yawancin dattawa. Awa 4 a kan ruwa, da hutun awa ɗaya da rabi a tsakiya, ya ishi yini guda, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Da wannan lissafi za a gane wuraren da ya kamata a kauce wa. A Caen Hill, kusa da garin Devizes a kan kanal ɗin Kennet da Avon, akwai mataki 29 cikin kimanin mil 2, guda 16 daga ciki a jere suke kamar tsani, kuma wuce su yakan cinye awa 5 zuwa 6. A Tardebigge, tsakanin Worcester da Birmingham, mataki 30 ne. Waɗannan wurare ne da za a kai ayari a mota su tsaya a gefe su kalli yadda wasu ke zufa, amma ba wuraren da za a sa ɗan shekara saba'in da biyar ya riƙe ƙarfen murɗawa ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai hanyoyi da Allah ya yi su kamar don wannan fita. Kanal ɗin Lancaster yana da kimanin mil 41 babu mataki ko ɗaya, na Ashby yana da mil 22 haka nan, na Monmouthshire da Brecon a kudancin Wales kuwa mataki 6 kawai gare shi a cikin mil 35, yana ratsa tsaunuka masu ban sha'awa. A cikin birnin Landan ma, jiragen fasinja suna bin kanal ɗin Regent's daga Little Venice zuwa Camden, su wuce ta gefen gidan namun daji, cikin ƙasa da awa ɗaya ba tare da haɗuwa da mataki ba.

Duk da haka ban ga ya dace a hana mutane ganin mataki gaba ɗaya ba. Hanyar da ke da guda ɗaya ko biyu, musamman inda ake samun 'yan sa-kai masu taimaka wa jirage a lokacin bazara, ta fi wadda babu ko ɗaya armashi, domin abin da za a riƙa labari a kai ke nan bayan an koma gida.

Ga ayarin da ke son abin mamaki, babu kamar gadar ruwa ta Pontcysyllte a arewacin Wales, a kan kanal ɗin Llangollen. Thomas Telford da William Jessop ne suka gina ta, aka gama a 1805, tsawonta mita 307, kuma tana ɗauke da jirage a cikin wani kwami na ƙarfe mita 38 sama da kogin Dee. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2009. Abin da ya kamata a faɗa wa mutane tun da wuri shi ne, gefe ɗaya ne kawai yake da turba da shinge, ɗaya gefen kuwa babu komai tsakanin jirgi da sarari sai bakin kwamin, wanda bai fi 'yan inci sama da ruwa ba. Mai tsoron tsayi ya zauna a ciki, ɓangaren turba. A garin Llangollen ɗin kuma har yanzu akwai jiragen da doki ke ja, babu ƙarar inji sam, kuma wanda ya hau zai ji yadda tafiyar take shekara ɗari biyu da suka wuce. A Sikotilan akwai Falkirk Wheel, wata ƙatuwar na'ura mai juyawa da aka buɗe a 2002, wadda ke ɗaga jirgi da ruwansa mita 24, fasinja na zaune ba tare da ya motsa ba.

Ramukan ƙarƙashin ƙasa kuma a yi hattara da su. Gajere yana da daɗi, amma dogo yana da duhu da sanyi da ɗigar ruwa daga sama, ga hayaƙin inji. Mafi tsawo shi ne na Standedge, wanda ya haura mil 3, kuma babu turbar doki a cikinsa, a da mutane ne ke kwanciya a kan jirgi suna tura bango da ƙafafunsu. Wanda ke da ciwon asma ko tsoron matsi bai kamata a ba shi mamaki da irin wannan ba. Abu na ƙarshe game da hanya shi ne wurin juyawa: dogon jirgi ba ya iya juyawa a ko'ina, sai a wasu wurare da aka faɗaɗa musamman, saboda haka a tambayi masu jirgi ina ne wurin juyawa na ƙarshe da za a iya kaiwa a dawo a kan lokaci, kuma a juya a nan ko da ana jin akwai sauran ƙarfi.

Lokaci da guzuri

Babbar garaɓasar ɗan fansho ita ce ba ya jiran ƙarshen mako. Ranakun Talata zuwa Alhamis a watan Mayu ko Yuni ko Satumba sun fi kowane lokaci, domin daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta makarantu na hutu, ruwa yakan cika da jirage, a yi ta layi a bakin matakai. Daga Nuwamba zuwa Maris ne ake rufe sassa da dama domin gyara, ga sanyi ga gajeren yini, kuma jiragen haya ba a yarda su yi tafiya bayan duhu ba. A shekarun da aka yi ƙarancin ruwan sama ma akan taƙaita amfani da wasu matakai a tsakiyar bazara, domin kowane wucewa yana zubar da ruwa mai yawan gaske zuwa ƙasa, saboda haka a duba sanarwar Canal & River Trust mako guda kafin tafiya, a sake dubawa ana gobe za a tafi.

Batun sutura ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai a nanata abu biyu. Takalmi ya zama mai shimfiɗaɗɗen ƙasa na roba wanda ke kama ƙafa, domin ƙarfen jirgi da dutsen gaɓa suna da santsi idan sun jiƙe. Sannan mutumin da ke zaune wuri ɗaya a kan ruwa yakan ji sanyi fiye da yadda yake zato ko da rana ta fito, saboda haka kowa ya zo da rigar sanyi da rigar ruwa da hula, mai shiryawa kuma ya ƙara da barguna biyu ko uku. Magunguna su kasance a jakar hannun mai su, a riƙe ruwan sha isasshe da filas na abin sha mai zafi, a ɗaure tabarau da igiya, a kuma ajiye waya a aljihu mai zif, domin abin da ya faɗa kanal da wuya ya dawo. Idan za a ci abinci a wani wuri a gaɓa, a kama teburi tun kafin ranar, a kuma tambayi nisan da ke tsakanin inda za a ɗaure jirgi da ƙofar wurin, da ko akwai hawa.

Ranar tafiya

Hawa da sauka su ne lokutan da aka fi faɗuwa. Kada kowa ya taka jirgi sai an ɗaure shi gaba da baya ya manne da gaɓa, mutum ɗaya mai ƙarfi ya tsaya a ciki, wani a waje, a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, hannu biyu babu kaya. Jakunkuna da sanduna a miƙa su daban. Babu tsalle, ko da tazarar taki guda ce, kuma wannan doka ta fi shafar dattijon da ke ganin har yanzu da sauransa. Kafin a tashi a tara kowa a nuna masa inda rigunan kariya daga nutsewa suke, da zoben ceto, da abin kashe gobara, da akwatin taimakon gaggawa. Wanda bai iya iyo ba da duk wanda zai yi aiki a bakin mataki su sa rigar tun daga farko. Jiragen da ke da ɗaki ana bukatar su kasance da na'urar gargaɗin iskar gas mai guba wadda ba ta da wari, kuma babu laifi a tambaya a ga inda take.

Idan 'yan ayarin ne ke tuƙi, akwai abubuwa da suka saɓa wa abin da direban mota ya saba da shi. Ana tuƙa jirgin ne daga baya da wata doguwar sanda, kuma idan an tura ta hagu jirgin dama zai nufa. Ba shi da birki, sai dai a sa ribas a ja shi baya, kuma babban jirgi mai nauyin tan 15 zuwa 20 yana buƙatar fili kafin ya tsaya. Yana juyawa ne a kan tsakiyarsa, wato idan goshinsa ya karkata dama, bayansa zai yi hagu, abin da ke sa sabon matuƙi ya goga gaɓa. Duk da cewa motoci a Birtaniya hannun hagu suke bi, a kan ruwa dama ake kamawa idan an haɗu da wani jirgi. Ana rage gudu sosai idan za a wuce jiragen da ke ɗaure, domin akwai mutanen da ke zaune a cikinsu dindindin, haka nan idan an zo kusa da masu kamun kifi. A bakin gada ko kwana mai ɓoye gaba a danna hon sau ɗaya mai tsawo. Kada kowa ya zauna a kan rufi, domin gadojin gajeru ne, kuma kada a sa hannu ko ƙafa domin tare jirgi idan zai bugi bango, gara fenti ya goge. Wanda ke tuƙi ba ya shan barasa, kuma a riƙa karɓarsa duk bayan awa guda, domin tsayuwa ce ba zama ba.

A bakin mataki mutum ɗaya ne kaɗai ke ba da umarni, sauran fasinja su zauna a ciki. Mai murɗa marufi ya yi a hankali yana kallon matuƙi, domin buɗewa da sauri yana sako ruwa da ƙarfin da zai jefa jirgi gaba da baya. Kada ya bar ƙarfen murɗawa a maƙale bayan ya gama, domin idan maƙallin ya kuɓuce ƙarfen yakan juya da gudu ya fasa haƙori ko ya karya hannu. Haɗarin da ya fi kowane girma yana zuwa ne lokacin da jirgi ke sauka ƙasa a cikin mataki. A ƙarƙashin ƙyamaren sama akwai wani dakali na dutse da ruwa ke rufewa, an yi masa alama da farin fenti a bakin bango, kuma idan bayan jirgi ya hau kansa yayin da ruwa ke raguwa, goshin zai nutse cikin ɗan lokaci kaɗan. Matuƙi ya tsayar da jirgin gaba da wannan alama har ruwa ya gama sauka. Da zarar an ga wani abu ba daidai ba, a rufe dukkan marufai nan take, sannan a tsaya a yi shawara.

Idan wani ya faɗa ruwa, abu na farko shi ne a cire giya domin farfela ta daina juyawa, kuma kada a yi ribas zuwa wurinsa. Kada kowa ya bi shi ciki. A jefa masa zoben ceto ko igiya, a ce masa ya gwada miƙewa tsaye, domin yawancin kanal bai fi mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi zurfi ba, sai dai a cikin mataki inda zurfin ya fi haka nesa ba kusa ba. A ja shi zuwa gaɓa maimakon a yi ƙoƙarin ɗago shi cikin jirgi. Ruwan yana da sanyi ko a tsakiyar bazara, kuma sanyin farat ɗaya yana iya ɗauke numfashin tsoho ko ya taɓa zuciyarsa, saboda haka a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a kira 999, lambar agajin gaggawa, ko da ya ce lafiyarsa lau. Kusan kowace gada a kanal tana da lamba ko suna a jikinta, kuma wannan lambar tare da sunan kanal ɗin ita ce hanya mafi sauri ta gaya wa masu agaji inda kuke, don haka a ɗora wa fasinja ɗaya aikin lura da gadar da aka wuce ta ƙarshe. Aiki ne marar wahala da ke ba wanda ba ya iya tashi abin yi.

Ruwan kanal yana iya ɗaukar ƙwayar cutar da ake samu daga fitsarin ɓera, wadda ke shiga jiki ta ciwo ko ido ko baki. Ba kasafai ake kamuwa ba, amma duk wanda ya taɓa igiya ko ruwa ya wanke hannu kafin cin abinci, mai ƙujewa a hannu ya rufe ta da filasta tun daga gida, kuma wanda ya ji zazzaɓi da ciwon jiki cikin makonni bayan tafiyar ya gaya wa likita cewa ya yi hulɗa da ruwan kanal.

A tsara dawowa da rarar minti 45 a kan lokacin da masu jirgi suka sa, domin ana iya tarar da layi a mataki ko gadar da sai an buɗe ta da hannu, kuma gaggawar ƙarshen yini ita ce ke sa a manta da dokokin safe. Sauka daga jirgi a yi ta kamar yadda aka yi hawa, mutum ɗaya a ciki wani a waje, sai dai a ƙara haƙuri, domin gwiwar da ta yi awa huɗu a naɗe ba ta miƙewa nan take, wasu kuma sukan ji ƙasa na ɗan lilo da su a takun farko. Motar da za ta kwashe ayarin ta tsaya a wuri mafi kusa da gaɓa, a ƙirga mutane da takardar da aka ƙirga su da safe, sannan mutum ɗaya ya koma ya bi jirgin daga goshi zuwa baya yana duba ƙarƙashin kujeru da cikin makewayi, inda aka fi barin tabarau da jakar magani.